Baƙin Dutse Guda a Cikin Akwati

Kwalejin Harlow,
Litinin, 16 ga Satumba, 1963.

Zuwa ga yayata Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da Mama. Ki ce wa Mama kek ɗin tuffa ya iso, kuma bai kwana ba. Abokina Lyle, da muke ɗaki ɗaya, ya cinye rabi yana cewa ɗanɗanawa yake yi.

Makon zawarci ya kankama. Kullum da yamma mu sababbin ɗalibai mu sa kwat da naktaye, a kora mu kamar tumaki daga wannan gidan ƙungiyar ɗalibai zuwa wancan, su kalle mu, mu kalle su. Gida shida muka shiga, amma kin san wanda zan ba ki labari: Gidan Ginshiƙai, gidan ƙungiyar da Baba ya shiga yana ɗalibi. Marlys, hotonsa na nan a bangon matattakala, da gashi cike da kai! Na tsaya ina kallo har na tare wa mutane hanya.

Shugabansu wani dogo ne, Brewster Hale. Ban buɗe baki ba ya kama hannuna ya ce, "Arlen Tvedt na Elk Ford, mai busa ƙaho a makarantar sakandare. Yaya ƙafar da ka karya a kan tarakta?" Wa ya gaya masa? Har sunan karenmu ya sani. Na ji daɗi, ba zan yi miki ƙarya ba, amma da na fito sai na ji kamar an leƙa mini aljihu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ni ɗan gado ne, tunda Baba ɗan gidan ne, kowa na cewa tawa ta yi kyau. Lyle ba shi da kowa. Ba sa duba mutum da gaske sai wani tsohon ɗan gida ya rubuto wasiƙa ya tsaya masa. Kin san alkawarinmu tun muna aji huɗu: inda ɗaya ya shiga, nan ɗaya zai shiga. Ki roƙar mini Baba ya rubuta masa, kuma da sauri, ranar Juma'a za su kaɗa ƙuri'a. Ke ya fi jin maganarki. Ki bari sai ya sha kofi na biyu.

Shi Lyle, gogan naki, wai bai damu ba. Ya ce shi dai shanun gonar kwaleji da yake tatsa da asuba ba su taɓa tambayar sa wasiƙa ba. Amma na gan shi jiya yana goge takalmi sau biyu.

Ki gai da kowa.

Ƙanenki,
Arlen

*

Elk Ford,
Alhamis, 19 ga Satumba.

Arlen,

Muna lafiya. Mama na gaishe ka, ta ce ka daina kwana da jiƙaƙƙen kai.

Wato har sunan kare suka sani, kai kuma sai ka narke? Kai dai ba ka da wuyar kamu. Kati suke ajiye wa kowane yaro, sakarai. Tun da rani suke tattarawa: uban wa, cocin wa, me ake sayarwa a shagonsu. Kafin ka shigo ƙofa wani ya haddace naka. Shekara guda na yi a gidan ƙungiyar 'yan mata kafin na tattara kayana na dawo, kuma ni ce mai rubuta katunan, don na fi kowa kyan rubutu. Ban yarda da murmushin da aka yi wa bita ba, kai ma kada ka yarda.

To, saƙonka. Na jira kofi na biyu kamar yadda ka ce. Na ce, "Baba, Arlen na son ka rubuta wa Lyle Kubicek wasiƙa zuwa gidanku." Ya sauke jarida, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Ɗan Misis Kubicek?" Na ce akwai wani Lyle ɗin ne a garin nan? Ya ce, "Hmm." Shi ke nan. Ka san wannan hmm ɗin, shi yake yi wa manomin da ya zo taya tsohuwar tarakta.

Abin da bai kwanta mini ba shi ne wannan. Shekara uku nake buga masa kowace wasiƙa a shago, har ta gaisuwar mutuwa. Jiya sai ya ɗauki tafiretata da kansa, ya shige ofis, ya rufe ƙofa. Awa guda ina jin sa yana tsattsagar ta da yatsa biyu kamar kaza na cin tsaba. Ya fito da ambulan a liƙe. Na miƙa hannu na ce in kai gidan waya, ya ce a'a, yana son miƙe ƙafa. Baba! Mutumin da ke tada mota don ya tsallaka titi!

Ban ce komai ya faru ba. Na dai gaya maka abin da idona ya gani. Amma ka tuna gidan nan shi ne abin alfaharinsa a duniya, kuma Misis Kubicek ta ƙofar baya take shigowa gidanmu da kwandon guga duk ranar Laraba. Ka haɗa biyun da kanka.

Ka gai da Lyle. Ka ce masa mahaifiyarsa na lafiya, tana ta gaya wa matan coci ɗanta zai shiga gidan su Mista Tvedt.

Yayarka,
Marlys

*

Kwalejin Harlow,
Lahadi, 22 ga Satumba.

Marlys,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, a gurguje na yi shi.

Jiya da safe aka turo ambulan ta gayyatar Gidan Ginshiƙai ta ƙarƙashin ƙofar ɗakinmu. Guda ɗaya. Mu biyu muna tsaye muna kallon ta a ƙasa, ba wanda ya sunkuya. Lyle ne ya ɗauka, ya karanta sunan, ya miƙo mini. Har ya buɗe ƙofa ya leƙa waje ko tasa ta maƙale. Wannan leƙen, Marlys, ba zan manta da shi ba. Sai ya ce, "Barka, ranka ya daɗe," ya ɗauki bokitinsa ya tafi wurin shanu, alhali ya riga ya yi tatsar safe.

Kin fi ni sanin yadda ake yi. Akwatin katako, kowa ya zura hannu ya saki dutse inda ba mai gani, fari in ka yarda, baƙi in ba ka yarda ba. Baƙi guda ya isa. Wani yaro ɗan aji biyu ya tsegunta mini cewa na Lyle guda ɗaya ne tak. Mutum arba'in da ɗaya sun yarda, ɗaya ya ƙi, kuma ba a tambayar dalili.

Katin gayyatar na kan tebur. Layi biyu ne: na karɓa, ko na ƙi. Dole in mayar kafin sha biyun rana ta Juma'a mai zuwa. In na ƙi, sun rufe mini ƙofa har abada, kuma kin san abin da hakan zai yi wa Baba. In na karɓa, da wane ido zan kalli Lyle?

Ina son gidan nan, gara in faɗa. Ranar Talata a wurin cin abinci na sa su dariya har wani ya ƙware da dankali, Brewster na dukan tebur yana cewa, "Wannan namu ne!" Ban taɓa jin ana so na haka ba. Amma yanzu kowa na haɗu da shi a hanya sai in ce ko shi ne. Mai jan gashin nan da ya tambayi Lyle aikin babansa, ko mai tabarau da bai ba shi hannu ba. Sai kuma in tuna wasiƙarki.

Na kwana biyu ina juya ta. Ba wanda ya san Lyle a gidan nan. Bai yi wa kowa komai ba, kalma goma bai faɗa ba duk makon. To me zai sa wani ya jefa masa baƙi in ba an rubuto wani abu ba? Sun ce in tsohon ɗan gida ya rubuto ya ce kada a ɗauki yaro, sai shugaba ya saki dutsen da hannunsa, magana ta mutu. Baba ne, Marlys. Zuciyata ta gama ba ni. Ya ji kunyar a ce ɗan mai yi masa guga ya kira shi ɗan'uwa.

Baba ba ya buga komai ba tare da takardar kabon ba, ko lissafin ƙusa ne. Kwafin na nan a wani wuri. Ki duba aljihun tebur na ƙasa, wanda yake kullewa. In na ga abin da nake zato, wallahi zan yaga katin nan in aika masa gutsattsarin, kuma kada ya sa ran gani na ranar bikin godiya na watan Nuwamba.

Lyle ya kwashe kayansa ɗazu. Wai ɗakin da ke saman garken shanu ya fi masa kusa da aiki. Na ce masa, "Haba, Kubicek, ni na jefa dutsen?" Ya ce, "Na ce kai ne?" Ya daɗe yana kallo na, kallon da ban gane ba, sannan ya saɓa jakarsa.

Ki hanzarta.

Arlen

*

Elk Ford,
Talata, 24 ga Satumba.

Ƙanena,

Gaisuwa. Ka zauna kafin ka karanta.

Na yi abin da ka sa ni, kuma har yanzu kunya ba ta sake ni ba. Da Baba ya tafi cin abincin rana na ɗauko makullin daga gwangwanin taba, na durƙusa gaban teburinsa kamar ɓarauniya. Kwafin na nan, cike da kurakurai, ya bi wasu kalmomin ya danne da alamar iks. Ga shi na kwafe maka yadda yake:

"Zuwa ga 'yan'uwana na gida. Ina rubuto muku a kan Lyle Kubicek. Na san shi tun yana rarrafe. Shekarar da mahaifinsa ya rasu yana ɗan sha huɗu, shi kaɗai ya girbe masararsu kafin ƙanƙara ta sauko, kuma bai fasa zuwa makaranta ba. Lokacin da ɗana ya karye a gona, shi ya goyo shi mil guda da rabi zuwa titi. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa roƙon ku komai ba, yau ina roƙo. Ɗana Arlen zai sa ku dariya, yaro ne mai daɗin zama, amma har yanzu bai san abin da bakinsa ke jawowa ba. In wuri ɗaya kawai ya rage, ku ba Kubicek. Nawa zai iya jira."

Ka ga abin da ya sa ya rufe ƙofa. Ba Lyle yake ɓoye wa ba, mu yake ɓoye wa.

Ina durƙushe da takardar a hannu sai ga shi ya dawo, ya manta hularsa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Arlen ne ya aiko ki?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Me yake zaton na rubuta?" Ya ɗauki hularsa, ya juya ta a hannu, ya ce, "To." Ya fita. Da yamma bai ci komai ba, Mama na ta tambaya ko cikinsa ne.

Laifin nawa ne da naka. Ni na fara shuka maka zargin, ban musa ba, kai kuma ka yi masa ban ruwa. Wannan sai mu san yadda za mu wanke shi daga baya.

Yanzu ka saurare ni, don na zauna a irin ɗakin nan, na zura hannu a irin akwatin nan. Kafin a kaɗa, ana kashe fitila, a haska hoton yaro a bango da majigi, a ce wa ya san wani abu a kansa. Wanda bai yi magana duk mako ba, ba a ƙin sa don komai, sai in wani ya ba su abin da za su riƙe. Kai ka ce ba wanda ya san Lyle a gidan. Akwai mutum ɗaya da ya san shi ciki da waje, kuma ya ci abinci a teburinsu ranar Talata.

Me ka faɗa har wani ya ƙware da dankali, Arlen?

Ban ce kai ne ba. Na riga na yi kuskure sau ɗaya a makon nan. Amma shekara sha takwas nake jin barkwancinka, kuma ban tuna guda ɗaya da ba a kan wani ka yi shi ba.

Ina ƙaunar ka duk da haka, ɗan banza.

Marlys

*

Ɗakin kwana na Arewa,
Alhamis, 26 ga Satumba.

Lyle,

Ina gaishe ka. Sau biyu na zo garke jiya, aka ce ba ka nan, ko da yake na ga takalmanka a bakin matattakala. Shi ya sa na rubuta. Ka karanta har ƙarshe, sannan ka yi abin da ka ga dama.

Na zargi kowa a kan abin da aka yi maka. Na zargi mai jan gashi, na zargi Brewster, na zargi ubana har na sa Marlys ta fasa masa tebur. Ashe wasiƙar da ya rubuta maka, ko ni bai taɓa yabo na haka ba. Ya ce in wuri ɗaya ne, kai za a ba.

Jiya da la'asar na je Gidan Ginshiƙai. Na samu Brewster a baranda yana cin tuffa. Na ce ina son sanin wanda ya jefa baƙin. Ya ce, "Tvedt, sirrin akwati sirri ne, ko ni ban sani ba." Na ce to me aka faɗa da aka haska hotonka. Ya dube ni kamar na yi wasa. Ya ce, "Kai kake tambaya? Kai da ka ba mu labarin?"

Ranar Talatar makon jiya ce, lokacin da ka tashi da wuri don tatsar yamma. Ana ta hira, kowa na kawo nasa, ni ban samu abin faɗa ba. Sai wani ya ce abokin nan naka kwat ɗinsa ya yi masa gajeren hannu. Lyle, da na yi shiru da shi ke nan. Na ce ai kwat ɗina ne na bara. Na ce Mama ce ta saka shi a kwandon guga ta ba mamarka. Na ce in ba su yarda ba su juya wuyan, sunana na nan da jan zare, har yanzu ba a tsefe ba. Suka fashe. Da na ga sun fashe sai na ƙara. Na kwaikwayi yadda mamarka ke ƙwanƙwasa ƙofar baya tana cewa, "Misis Tvedt, ga wandunan Mista." Da muryarta na yi, Lyle. Matar da ta yi mini miyar kabeji duk lokacin da ƙafata ke cikin filasta.

Brewster ya ce ranar Alhamis ta wannan makon, da muka ba su kwat a ƙofa, mutum uku suka shiga ɗakin rataye kaya suka juya wuyan naka. Ya ce ranar ƙuri'a da hotonka ya fito a bango wani ya yi ihu daga baya, "Kwat ɗin Tvedt!" aka yi ta dariya har sai da ya buga guduma. Ya karanta musu wasiƙar Baba, amma dariyar ba ta gama mutuwa ba aka zagaya da akwati. Ya ce, "Kada ka damu, ɗan'uwa, labarin ya yi daɗi. Shi ya sa kowa ke son ka."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na manta. Wallahi na manta. Kwana biyar ina neman mai laifi, ban tuna da bakina ko sau ɗaya ba, don a wurina ba wani abu na yi ba, hira ce.

Na cike katin. Na sa hannu a layin na ƙi. Gobe kafin sha biyu zan kai musu da kaina, in gaya musu dalili a gaban kowa. Ba zan zauna a gidan da babu kai ba. Alkawarinmu na nan. Ka dawo ɗaki, gadonka na nan yadda ka bar shi. Ka zage ni, ka mare ni in kana so, amma ka dawo.

Ka yafe mini.

Abokinka,
Arlen

*

Garken shanu,
Juma'a da safe.

Arlen,

Na samu taka. Ina lafiya, da fatan kana lafiya.

Ba sabon labari ka ba ni ba. Tun ranar Alhamis ɗin na sani. Da aka miƙo mini kwat ɗin wuyansa a juye yake, ɗaya daga cikinsu kuma ya ce mini, "A gai da Misis Kubicek," da wata murya da mutum ɗaya ne kawai a duniya ya iya ta. Kwana uku na ƙara a ɗakin ina jira ka faɗa da bakinka. Kai kuma kana ta lissafa mini waɗanda kake zargi.

Kwat ɗin ba zan dawo da shi ba. Sanyi na tafe.

Ka gode wa babanka. Zan rubuta masa da kaina. Mamata kuma kada ta ji komai daga wurinku, na gaya mata ni na ƙi saboda aiki.

Game da kati. Ka samo wani katin ka sa hannu a layin na karɓa. Kana son gidan, su ma suna son ka, kuma kun dace. Kada ka je ka tsaya a gabansu ka yi jawabi da sunana. Na san yadda za ta kaya: kafin Kirsimeti kowa a Elk Ford ya ji yadda Arlen Tvedt ya bar Gidan Ginshiƙai saboda ɗan mai guga, kuma za ka iya ba da shi da daɗi, har a yi ƙwalla. Sun riga sun ji na dariyar. Ba na son a ji na kukan.

Shiga ko ƙi, kai ka sani, amma ba domina ba. Na gaji da zama labarin da kake bayarwa.

Ka huta lafiya.

Lyle Kubicek